Laftof ɗin ƙanwata da katin Wi-Fi ɗin da ya ƙi tafiya da Linux Mint

Laftof ɗin Dell Inspiron 15 3521 ce, irin baƙaƙen nan masu ɗan kauri da suka fito wajen 2013, Core i3 ƙarni na 3, RAM 4GB, tokumbo muka saye ta lokacin da ƙanwata ta samu jami'a kuma har ga Allah ta yi mana aiki, batirinta ne kawai ya fara gajiya. Abinda ya tayar da maganar shine ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina ba Windows 10 afdet na tsaro na yau da kullum, shi kuma Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama, kaga tamu ko kusa bata kai ba. Ga ta a shekarar ƙarshe, furojet ya taso, laftof ɗin kuma idan ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama buɗewa. Nace mata ki kawo in ɗora miki Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne a madadin Windows, kyauta ne, baya cin RAM kamar wancan, kuma wannan jerin na 22 ana kula da shi har 2029. Tace Yaya in dai zan iya rubutu in shiga intanet ai shikenan.

Na sauke Mint 22.2 mai Xfce, wato mai fuska mara nauyi, na saka a filash, na kwashe mata fayilolinta a wani hadis na daban, na tada laftof ɗin daga filash. Anan na yi kuskuren da ya jawo duk sauran. Shi Mint idan ka tada shi daga filash yana baka cikakken tsarin ka gwada kafin ka taɓa hadis ɗinka, to ni na gwada sauti, na gwada kibod da wajen jan linzami, na ƙara haske na rage, komai lafiya, amma ban danna alamar netwok ɗin dake can ƙasa ta dama ba ko sau ɗaya. Kuma akwai alamar da ya kamata ta farkar da ni, domin a al'ada idan mai ɗora tsarin ya ga katin Wi-Fi yana kawo shafin da zai tambaye ka wane netwok zaka shiga, ni bai kawo min ba ya wuce kawai, na ɗauka sauƙi ne. Na zaɓi a goge hadis gaba ɗaya, Windows ya tafi.

Da ta tashi, tsaf, sauri kamar sabuwa, ƙanwata har tana murna. Ta kunna hotsifot a wayarta tace bari ta shiga imel, muka danna alamar netwok babu komai sai maganar kebul, babu jerin sunayen Wi-Fi, babu ma wajen kunnawa da kashewa. Farkon abinda ya zo min shine ko makullin Wi-Fi na saman kibod ne aka danna, don yana faruwa sosai, mutum yayi ta wahala ashe abin a kashe yake. Na buɗe taminal, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta rfkill list, wannan shi ke nuna ko an toshe rediyon ta manhaja ko ta makulli, to Bluetooth ya fito amma Wi-Fi ko a jerin baya ciki. Na rubuta ip link mai nuna hanyoyin netwok, abu biyu ne kawai, lo wanda na cikin kwamfutar ne da kuma ramin kebul. Ma'ana ba toshe shi aka yi ba, tsarin ne gaba ɗaya bai san yadda zai yi magana da katin ba.

To ga inda abin ke da ciwo ga irinmu, maganin yana intanet kuma intanet ɗin ne babu. Yawancin shawarwarin da zaka gani suna cewa ka jona kebul daga rawuta kawai, su a wajensu kowane gida akwai, mu kuwa a gidanmu a Kano ba mu da wata rawuta mai kebul, hotsifot ɗin waya ne ko MiFi, duk kuma ta Wi-Fi suke tafiya. Abinda ya cece mu shine jona waya da kebul ɗin USB a kunna raba intanet ta USB a saitin Android, Linux yana ɗaukar wayar kamar katin netwok mai kebul ba tare da ka saka komai ba. Amma nan ma sai da muka ɓata kusan rabin awa domin wajen kunnawar a wayar ya ƙi dannuwa, yayi fari-fari, ashe kebul ɗin da muka ɗauko irin na caji ne zalla, wayoyi biyu ne a cikinsa babu na data. Da muka canza zuwa wanda ya zo da wayar a kwali nan take ya kama. Duk wanda zai yi irin wannan aikin ya tanadi kebul mai kyau tun kafin ya fara.

Sai na yi abinda ya kamata ace da shi na fara tun ina cikin filash, wato duba wane katin netwok ne a cikinta:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Ya fito da abu biyu, na kebul Realtek ne kuma direbansa r8169 yana aiki, na biyun kuma Broadcom BCM43142, lambarsa 14e4:4365, a ƙasa an rubuta Dell Wireless 1704. Wannan lambar ita ce komai. Huɗun farko na kamfanin da ya ƙera guntun ne, 14e4 Broadcom, 8086 Intel, 10ec Realtek, 168c Atheros, 14c3 MediaTek, huɗun ƙarshe kuma su ke faɗin takamaiman wane guntu ne. Sunan laftof baya gaya maka wannan ko kaɗan, mutum zai ce ai abokina yana da irin tawa sak kuma Linux ya hau lafiya, eh zai yiwu, domin masu haɗa laftof suna saka katin da ya samu a lokacin, samfuri ɗaya wata ta zo da Broadcom wata da Atheros, balle tokumbo da ta bi hannu uku huɗu wataƙila ma an taɓa canza mata kati a hanya. Akwai kuma wani abu a wannan sakamakon da zai iya ruɗa mutum, a layin direba an rubuta bcma-pci-bridge, sai ka ga kamar ai akwai direba yana aiki, alhali shi bcma hanyar shiga cikin guntun ce kawai, ba shi ke kama Wi-Fi ba.

Bari in ɗan tsaya anan don sai da na fahimci wannan sannan na daina lalube. Abu biyu kati ke buƙata. Akwai direba, shi yana zaune ne a cikin kanel wato zuciyar Linux, shi ke fassara tsakanin tsarin da katin. Akwai kuma famwaya, wani ɗan ƙaramin shiri ne da ake loda wa katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, a kan katin yake gudu ba a kan furosesa ba. Katunan Intel direbansu iwlwifi yana cikin kanel, famwayarsu kuma tana cikin kunshin linux-firmware da ke zuwa da Mint da Ubuntu, shi yasa zaka kunna kawai ka ga netwok. Tsofaffin Atheros masu ath9k ma ko famwayar basa nema. Debian, wani nau'in Linux ɗin, sun daɗe basa saka famwayar da ba a buɗe take ba a cikin faifan ɗorawarsu, mutane suka yi ta shan wahalar Wi-Fi, sai da suka yi ƙuri'a a 2022 sannan Debian 12 da ya fito a Yunin 2023 ya fara zuwa da ita. Amma ko wannan ba zai taimaki namu katin ba, domin namu ba famwaya ya rasa ba, direban ne kacokan babu shi a kanel.

Katunan Broadcom na laftof kusan gida uku suka kasu. Akwai b43, wanda masu sa kai suka rubuta ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki, yana ɗaukar tsofaffi irinsu BCM4312 da BCM4318, shi famwaya yake nema kuma lasisinta bai yarda a raba ta kai tsaye ba, shi yasa kunshin firmware-b43-installer sai ya je intanet ya sauko da direban kamfanin ya yanko ta daga ciki. Akwai brcmsmac wanda Broadcom da kansu suka saki a buɗe a 2010, yana ɗaukar BCM4313 da BCM43224 da BCM43225, ga ɗan'uwansa brcmfmac na wasu sababbin. Sannan akwai wl, wanda ake kira broadcom-sta, shi rufaffe ne, babban ɓangarensa an riga an dunƙule shi ba mai ganin cikinsa sai ɗan bakin da ake ɗinke shi da kanel. BCM43142 a wannan gida na uku kaɗai yake, ba b43 ba brcmsmac. Ba wai katin ya lalace ba ne ko mara kyau ne, jiya-jiya yana aiki a Windows, lasisi ne da tsarin rabawa suka sa baya zuwa a kunne.

Ni kuma kafin in gane haka na riga na yi kuskure na biyu, na tuna shekarun baya na taɓa gyara wata tsohuwar laftof da firmware-b43-installer, da na ga Broadcom kawai sai na saka shi na yi ristat, shiru. Data ta tafi a banza. Ga wanda ya daɗe a harkar nan zai tuna har zamanin ndiswrapper da ake ɗauko direban Windows XP a naɗe shi a cusa wa Linux, to irin waɗannan tsofaffin dabarun suna nan birjik idan kana bincike, kuma kowacce daidai ce ga katin da aka rubuta ta dominsa, idan baka bincika da lambar katinka ba sai ka ɗauko maganin ciwon wani. Na cire b43 ɗin, na rubuta

sudo apt update
sudo apt install broadcom-sta-dkms

A tsofaffin Ubuntu da Mint sunan kunshin bcmwl-kernel-source ne, a Fedora sai ka ƙara RPM Fusion ka nemi broadcom-wl, kuma Driver Manager na Mint ma yana nuna shi in kana son dannawa maimakon rubutu. Wannan DKMS ɗin dake ƙarshen sunan shine ke gina direban a kan kwamfutarka daidai da kanel ɗin da kake kai, kuma duk lokacin da sabon kanel ya zo sai ya sake ginawa, ka riƙe wannan domin zai dawo. Kunshin kuma da kansa yake rubuta fayil a /etc/modprobe.d da zai hana b43 da brcmsmac da bcma da ssb tashi, saboda idan suka riga wl kama katin shi ba zai samu shiga ba.

Ana cikin sakawa sai wani allo ya fito a taminal yana maganar Secure Boot yana neman in ƙirƙiri faswod, na saka, ya gama, na danna ristat, daidai lokacin aka kira la'asar na tashi na fita. Na dawo na tarar da ita ta tashi normal tana jirana, na duba, babu Wi-Fi har yanzu. Gaskiya anan raina ya fara ɓaci domin na san wannan karon direban daidai ne. Na rubuta sudo modprobe wl sai ya amsa da cewa "Key was rejected by service". Na duba mokutil --sb-state ya nuna Secure Boot a kunne. Laftof ɗin zamanin Windows 8 ce, da shi a kunne ta zo, aikinsa shine kada a bar wani abu ya shiga kanel sai mai sa hannun da aka yarda da shi, kanel ɗin Mint yana da sa hannu, amma direban da aka gina yanzu a ɗakinmu da makullin da kwamfutar ta ƙirƙira wa kanta aka sa masa hannu, kuma sai ka gabatar da wannan makullin da hannunka a lokacin tashi. Wani shuɗin allo ne ke fitowa, yana jira daƙiƙa 10 ka danna wani abu, in baka danna ba ya wuce abinsa, ni kuma ina masallaci ya zo ya wuce.

Hanya biyu ce, ko ka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na kafin tsarin ya tashi, ka kashe Secure Boot gaba ɗaya wanda shi mafi yawan mutane ke yi kuma yana aiki, ko ka yi rajistar makullin. Na zaɓi ta biyu don ba ni ke riƙe da laftof ɗin ba kullum, filash ɗin mutane kala-kala ke shiga cikinta a makaranta da wajen furintin.

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Ya nemi faswod na wucin gadi na saka, na yi ristat na zauna na zuba ido, shuɗin allon ya fito na danna, Enroll MOK, Continue, Yes, na saka faswod ɗin, Reboot. Shawara ɗaya anan, ka saka faswod mai sauƙi na lambobi domin sau ɗaya zaka yi amfani da shi kuma a allon baka ganin abinda kake rubutawa. Tana tashi sai ga sunayen netwok sun jeru, na maƙwabta har uku, ƙanwata tace Alhamdulillah Yaya ya zo.

Ya zo amma nata hotsifot ɗin baya cikin jerin. Wayar tana gefen laftof ɗin, tawa wayar tana ganinsa, laftof bata gani. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba don sunan katin ma ya faɗa, 802.11b/g/n, wato 2.4GHz kaɗai yake ji, ita kuma sabuwar wayarta an saita hotsifot ɗin a 5GHz, da a Windows da tsohuwar wayarta take haɗawa shi yasa bata taɓa cin karo da haka ba. Muka maida shi 2.4 sunan ya fito, muka saka faswod yayi ta juyawa ya dawo yana sake tambaya, sau uku, tace ko na manta faswod ɗin ne, nace a'a bari mu ga tsaron, ashe a WPA3 yake, sabon tsarin kulle Wi-Fi, shi kuma wl bai san WPA3 ba. Muka maida WPA2 ya shiga nan take. Da ban san wannan ba da sai in koma in ce direban ne bai zauna daidai ba in sake cirewa da sakawa.

Bluetooth kuma wani labarin ne, a kati ɗaya suke amma shi ta layin USB yake magana, lsusb ya nuna shi da lamba 0a5c:21d7, yana kunnuwa amma baya ganin iyafis ɗinta ko kaɗan. A dmesg, wato rahoton kanel, ya nuna yana neman wani fayil mai suna BCM43142A0-0a5c-21d7.hcd a cikin /lib/firmware/brcm bai samu ba, wannan famwaya ce da asalinta daga direban Windows ake ciro ta, mu kuma mun goge Windows. Ana samunta a wajen mutanen da suka tattara, amma ban saki jiki in ɗauko fayil daga inda ban sani ba in saka a kwamfutar da take shiga banki da ita, nace ki yi haƙuri da mai waya tukunna.

Haka ta tafi makaranta da ita, aiki yana tafiya, LibreOffice ya ɗauki rubutunta, har na manta. Bayan wasu makonni da daddare wajen ƙarfe 11 sai ga kiranta, muryarta a sama, Yaya Wi-Fi ya ɓace kuma gobe zan tura babi na uku. Nace me kika taɓa, tace wallahi ba komai, afdet ne kawai ya fito na danna kamar yadda kace in riƙa yi, na kashe na kunna shikenan. Kuma gaskiyarta ne ni nace ta riƙa yi. A cikin afdet ɗin akwai sabon kanel, DKMS yayi ƙoƙarin sake gina wl a kansa ginin ya faɗi, kwamfutar ta tashi da sabon kanel babu direba. Dalilin kuwa shine sigar ƙarshe ta wl, 6.30.223.271, tun 2015 take, kanel kuma baya tsayawa, duk bayan wata biyu zuwa uku sabo ke fita kuma suna canza hanyoyin cikin gida, direbobin da ke cikin kanel ana gyara su tare da canjin, wanda ke waje kuwa sai masu kula da kunshin a Debian da Ubuntu da sauransu sun bi shi da faci, wani lokacin kanel ya riga facin isowa.

Ta waya muka yi shi. Nace ki kashe, ki kunna kina ɗan taɓa Esc har wani baƙin allo mai rubutu ya fito, sau biyu tana wuce shi, na uku ya tsaya, nace ki sauka layi na biyu Advanced options, ki zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta banda mai recovery, ta zaɓa, ta yi shiru, can naji tace ya dawo. Tsohon kanel yana nan ba'a goge shi ba kuma direbansa na nan a gine. Ta tura aikinta. Amma ni daren nan ban ji daɗi ba, domin ni na ɗora mata abin nace zai sauƙaƙa mata, ga shi yanzu duk afdet sai gabanta ya faɗi, kuma in nace ta daina afdet to meye amfanin barin Windows 10 tun farko. Ga kuma maganar tsaro, a 2019 masu bincike sun fitar da ramuka a cikin wannan direban na wl da za'a iya shigowa ta iska, kuma tunda a rufe yake masu faci iya bakin kawai suke iya taɓawa. Nan na yanke shawarar katin zan canza.

Kafin in je kasuwa abu uku na duba. Na farko irin ramin, laftof ɗin wannan zamanin rabin mini PCIe ne, sababbin katuna irinsu Intel AX200 kuwa M.2 ne, ba za su shiga ba kuma ko kan wayar eriyarsu ya fi ƙanƙanta, sannan irinsu AX201 da 9560 ko ramin ya dace sai da furosesan Intel da aka yi su tare. Na biyu ko BIOS ɗin yana da jerin katunan da ya yarda da su kaɗai, tsofaffin ThinkPad suna tsayawa da era 1802 idan ka saka baƙon kati, wasu tsofaffin HP kuma era 104, kwamfutar ko tashi ba zata yi ba sai ka cire, Dell galibi basu da wannan. Na uku adadin wayoyin eriya, tata biyu ne fara da baƙa. Dongul, wato ɗan katin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, ma na yi tunaninsa, amma ramukan USB ɗinta ɗaya ya riga ya saki, ga shi abu ne da ke karyewa a jaka, kuma shi ma sunan kwali baya faɗin gaskiyar ciki, TP-Link TL-WN722N sigar farko Atheros AR9271 ne da Linux ke ɗauka kai tsaye, siga ta 2 da ta 3 kuma Realtek ne duk da suna ɗaya kwali kusan ɗaya.

Ranar Asabar da ta dawo gida na ɗauki laftof ɗin na tafi Farm Centre wajen wani mai gyara da muka saba. Nace Malam katin Wi-Fi nake nema na Intel, rabin mini. Yace wannan ɗin ya mutu ne, nace lafiyarsa ƙalau, Linux na saka. Yace to ranka ya daɗe me zai hana a maida mata Windows 10 kawai kowa ya huta, minti talatin na gama maka. Ban ga laifinsa ba, shi abinda kwastomominsa ke nema kenan, na dai yi masa bayanin afdet ɗin da aka daina, ya gyaɗa kai ya jawo wata roba cike da katunan da aka ciro daga matattun laftof ya zazzage a kan tebur. Har ya ɗauko min wata gawar 3521 irin tamu sak daga ƙarƙashin benci yace ga na ƴar'uwarta, muka duba katin Atheros ne, wanda da shi tamu ta zo da duk wannan labarin bai faru ba. Da na ɗauke shi ma zai yi, amma shi ma 2.4 ne kaɗai, na ci gaba da tonawa har na samu Intel 7260HMW. Shi ma sai ka karanta takardar jikinsa da kyau domin kala-kala ne, akwai mai AC, akwai AN, akwai BN da ke 2.4 kawai, akwai NB da babu Bluetooth, wanda na samu an rubuta Dual Band Wireless-AC 7260.

Ya cire batir, ya kwance ta, ya ɓalle wayoyin eriya biyun a hankali da ɗan tsinke, su ne abin tsoro a aikin don kan nasu kamar ƙwayar gero yake in ya fizge sai an canza waya har cikin sikirin, ya kwance noti ɗaya katin ya ɗago, ya zura sabon a karkace ya danna ya ɗaure ya maida wayoyin. Nace kar ka rufe tukunna mu kunna mu gani. Ta tashi ba wani era, na danna alamar netwok a nan cikin shagon sai ga sunaye sun cika sikirin har sai ka ja ƙasa, na kusa da na nesa, har da masu 5G a ƙarshen suna, wato na 5GHz, da bata taɓa gani ba. lspci ya nuna 8086:08b1, direba iwlwifi, ban saka komai ba. Malam ɗin ya leƙo yace wato ba sai an nemo direba ba, nace yana ciki tun asali, yace to in ka samu lokaci ka kawo min filash ɗin nan in kwafa, akwai masu tsofaffin laftof da ke zuwa min da maganar Windows 11 bani da abinda zan ce musu.

Da na dawo gida na cire tsohon direban da sudo apt purge broadcom-sta-dkms don kar ya riƙa faɗuwa yana jawo era duk lokacin afdet, na tada ta da sabon kanel ɗin da ya kayar da mu, Wi-Fi na nan, na maida hotsifot ɗinta 5GHz ya kama, na ce ta kawo iyafis ɗin, ya fito a jerin Bluetooth ta haɗa ta saka karatu taji yana fita. Secure Boot yana nan a kunne, shuɗin allon bai sake fitowa ba. Tsohon katin na naɗe shi a takarda na rubuta 14e4:4365 a jiki na saka a durowa tunda lafiyarsa ƙalau kuma mai Windows zai iya buƙata, filash ɗin kuma na kai wa Malam ranar Litinin, muka tada wata tsohuwar HP da shi a shagon, kafin ya taɓa komai nace danna can ƙasa ta dama mu gani tukunna.